Madhubala da al'adar 'yar da ke ciyar da gida a finafinan Indiya

A masana'antar fim ta Bombay, daga shekarun 1930 zuwa na 1950, akwai wata al'ada da masu rubuta tarihin taurari kan tsallake da sauri: uban da talauci ya ci ƙarfinsa ya riƙo hannun 'yarsa ƙarama, ya bi sutudiyo-sutudiyo yana nema mata aiki, in ta dace gida gaba ɗaya ya jingina da ita. Haka Meena Kumari ta shiga sana'ar a 1939. Haka ita ma Mumtaz Jehan, wadda duniya ta sani da Madhubala.

An haife ta a Delhi ranar 14 ga Fabrairu, 1933. Mahaifinta Ataullah Khan ya rasa aikinsa a kamfanin taba, ya kwaso iyali zuwa Bombay. Tana shekara 9 ta fito a Basant (1942), tana 14 Kidar Sharma ya ba ta matsayin jaruma tare da Raj Kapoor a Neel Kamal. Mahal na Kamal Amrohi, a 1949, shi ya ɗaga sunanta. Ba ta yi makarantar boko ba, kuma uban ne ke karɓar kwangila, shi ke yanke inda za ta je. Da ya hana ta tafiya ɗaukar Naya Daur a wajen gari, mai fim ɗin, B. R. Chopra, ya kai su kotu, Dilip Kumar, wanda suke soyayya da ita, ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, soyayyarsu ta watse.

Duk wannan tana ɗauke da rami a zuciya tun haihuwa, tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, ciwon da a lokacin tiyatarsa ba ta kankama ba. A 1954 ta yi aman jini a Madras tana cikin aikin Bahut Din Huwe. Ta huta kaɗan ta koma. Wa zai ce ta tsaya, alhali tukunyar gida a kanta take? A Mughal-e-Azam (1960) K. Asif ya sa aka ɗaura mata sarƙoƙin ƙarfe masu nauyi don matsayinta na Anarkali, kuma har yau ana ba da labarin a matsayin shaidar sadaukarwarta. A ganina shaida ce ta yadda babu mai tsaya mata.

Ta auri Kishore Kumar a 1960, ta shafe yawancin sauran shekarunta a kwance, ta rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1969, tana da shekara 36.

Abin da ya biyo baya shi ma al'ada ce. Sai aka mayar da mutuwar tamkar ci gaban fim: Anarkali da aka yanke wa hukuncin ginewa da rai, ga Madhubala da ciwo ya kulle a ɗaki, shi ke nan ƙaddara ta rubuta. Fim ɗin Meena Kumari ma, Pakeezah, sai da ta rasu a Maris 1972 kasuwarsa ta buɗe sosai. Wannan karatun yana wanke furodusa da uba, yana kuma danne rabin gwanintarta. Mai son ganin abin da take iyawa ya nemi Mr. & Mrs. '55 ko Chalti Ka Naam Gaadi (1958), inda take wasan barkwanci, a na biyun tare da Kishore Kumar a garejin mota cikin dare da ruwan sama.