Matan da ke Tsinkar Shayi a Nuwara Eliya

Garin Nuwara Eliya, da ke kan tsaunukan tsakiyar Siri Lanka a tudu mai tsayin mita 1,868, ya shahara wajen masu yawon buɗe ido saboda sanyinsa da gine-ginen da Turawan Ingila suka bari, irin su gidan waya mai jan bulo na 1894, amma waɗanda suka fi cancantar jinjina su ne matan da ke tsinkar shayi a gangarensa. Yawancinsu Tamilawa ne, jikokin leburorin da aka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19, waɗanda dokar 1948 ta hana zama 'yan ƙasa, zaluncin da ba a gama gyarawa ba sai 2003.

Gwanintarsu tana cikin tsinken ganye biyu da toho, wato cire ɗanyun ganyaye biyu na saman reshe tare da tohon da bai buɗe ba, domin tsohon ganye yana ɓata ɗanɗano. Mace kan yi wannan aiki da hannu bibbiyu cikin hazo da raɓa, tana jefa ganyen ta kafaɗa cikin kwandon da ta goya, igiyarsa na rataye a kanta.