Al'adar Karatun Ƙagaggun Labarai a Dutsin-Ma da Kurfi

Karatun ƙagaggen labari a garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, irin su Dutsin-Ma da Kurfi, bai cika zama aikin mutum ɗaya a ɗaki shi kaɗai ba. Littafi yakan shiga unguwa ta hannun mutum guda, ya yi ta yawo gida-gida har bangonsa ya cire, wani ya karanta, wata a karanta mata, a kuma yi ta muhawara a kansa. Saboda haka adadin kwafin da aka sayar ba ya nuna yawan waɗanda labarin ya isa gare su.

Tushen al'adar a makaranta yake. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, daga baya kuma Magana Jari Ce ta zama littafin da malami ke sa ɗalibi ya miƙe ya karanta wa 'yan aji da babbar murya. Da kunne aka fara sanin waɗannan littattafai kafin a mallake su, kuma hakan ya dace da mutanen da suka tashi da tatsuniya da karatun zaure.

Babban sauyi ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, sun samu masu karatun da littafin makaranta bai taɓa samu ba, musamman matan aure da 'yan mata. Littattafan ƙanana ne, masu araha, an kasa labarin kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. Wannan dabara ta mai ƙaramin jari ce, amma ita ta haifar da hayar littafi. Mai shago ko mai tebur ya saro daga Kano, ya riƙa bayarwa ana kwana da shi a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Matar da ke kulle takan aiki yaro ya mayar da na ɗaya ya karɓo na biyu, in an ce yana hannun wata, sai a bi sawu. A tsakanin fitowar kashi da kashi kuwa ake yin sharhi na ainihi: wa ke da laifi tsakanin uwargida da amarya, ko marubuciya ta yi wa mijin adalci. Wasu ba su tsaya nan ba, sukan rubuta wasiƙa zuwa adireshin da marubuci ya sa a littafinsa.

Masana ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Ibrahim Malumfashi, shi ma ɗan Jihar Katsina, ya kira shi adabin kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana ja-in-ja a jaridu da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu. Muhawarar ta yi amfani, sai dai ta fi karkata ga ingancin rubutu da tarbiyya. Mai karatun da ta biya kuɗin haya ba a cika tambayar ra'ayinta ba.

Wayar hannu ta sauya hanyar, ba ta sauya halin ba. Dutsin-Ma gari ne na ɗalibai, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, Kurfi kuma tana kan hanyar da ta haɗa Dutsin-Ma da Katsina. Yanzu labari yana zuwa ne shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, ko a saurare shi a YouTube ana aikin gida. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, sannan ta nemi a biya kafin a ga ci gaba. Aron da aka saba yi wa littafin takarda ya koma tura labarin kuɗi ga wadda ba ta biya ba, abin da marubuta ke kira sata. Sharhi kuma ya zama wajibi: akwai marubutan da ke dakatar da rubutu in masu karatu sun yi shiru, akwai kuma waɗanda ke juya akalar labari saboda matsin lambarsu. Wannan kusanci yana da illa, domin labarin da ake rubutawa yau a saki yau ba ya samun gyara, ga kurakuran ƙa'idojin rubutu birjik.

Matsalar adanawa ta fi wannan girma. Tsohon littafin haya ana iya tsintar sa a ƙasan akwati bayan shekaru talatin, amma labarin waya yakan tafi da wayar da ta lalace ko dandalin da ya mutu, kamar yadda aka rufe OkadaBooks a 2023, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu.