Tarihin Unguwar Leburori: Sharhi a Kan Nazarin Paul Lubeck

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Keffi a rubuce, abin da zai fara cin karo da shi shi ne Abdu Zanga da kafuwar gari, sai kuma Magaji Ɗan Yamusa da kisan Kyaftin Moloney a 1902. Idan ya zarce Garaku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona, ya nemi labarin yadda 'yan dako da direbobi da makanikai suka zauna a bakin hanyar Akwanga, da wuya ya sami shafi guda. Wannan giɓi tsohon abu ne a rubutun tarihinmu. Hatta Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji (1958) sawun sarakuna ya bi, wato daga fada ake hangen gari.

Wannan ne ya sa littafin Paul Lubeck, Islam and Urban Labor in Northern Nigeria (1986), ya cancanci a sake waiwayarsa. Marubucin ya yi bincikensa a Kano a farkon shekarun 1970, tsakanin ma'aikatan masana'antu, irin waɗanda suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa saboda kusancinsu da Bompai. Babban abin yabo a aikin shi ne yadda ya gano hanyar da ta kawo leburan birni. Da yawansu gardawa ne da 'yan cin rani, waɗanda makarantar allo ta fara fito da su daga ƙauye kafin kamfani ya ɗauke su. Saboda haka lokacin da suka yi yajin aiki a 1971 kan ƙarin albashin Adebo, da ma'aunin adalci da zalunci suka auna masu kamfani, kuma a matsayin talakawa suka ɗauki kansu. Ko shakka babu wannan fahimta ce mai zurfi, kuma ita ce ta ba shi damar yin bayanin rikicin 'Yan Tatsine na Disambar 1980 a wata maƙala da ya buga a 1985.

Sai dai kuma a nan gizo ke saƙa. Littafin tarihin lebura ne fiye da tarihin unguwa. Daga ƙofar masana'anta manazarcin ya leƙo, don haka namiji mai albashi ya fi gani. Matar da ke cikin kulle tana dafa abincin sayarwa, da yarinyar da ke kai mata talla, da mai gidan haya, kasonsu ƙarami ne, alhali kuwa da su ne albashin da ba ya kai ƙarshen wata yake kaiwa. Sai an haɗa da nazarin Enid Schildkrout kan mata da yaran Kano kafin a ga cikin gida. Bugu da ƙari, ra'in rabe-raben aji ya yi wa wasu babobin nauyi, har muryar leburan takan dushe a ƙarƙashinsa. (Abin takaici, da Hausa suka yi magana, amma da Turanci aka adana ta, harshen da akasarinsu ba su karantawa.)

Akwai kuma abin da ba laifin marubucin ba ne. A shekarar da littafin ya fito gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP. Daga nan tsadar kayan aiki da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin waje suka rufe masaƙu da dama a Bompai da Sharaɗa, 'ya'yan leburan da ya zanta da su suka koma acaɓa da ƙananan sana'o'i, unguwannin kuwa suna nan sai ƙara cika suke yi.