Injiniyan Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Da wuya ka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya ka rasa mutum guda da ake kira Injiniya, ko da kuwa Tarihi yake karantawa ko Larabci. Shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare idan kwamfuta ta ƙi tashi alhali gobe za a miƙa furojet. Ƙarƙashin gadonsa akwai kwali cike da matattun fankoki da wayoyi, ga sukurori a gwangwanin madara. Babu wanda ya ba shi takardar shaida. Sha'awa ce ta sa ya kwance kwamfutar farko da ta shigo hannunsa, sai ya kasa dainawa.

Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya gaggawar ɗaukar sukundireba. Da tambaya yake farawa.

"Malam, me ka yi mata kafin ta ɗauke?"

"Wallahi, Injiniya, ban yi mata komai ba."

Ya san haka za a ce, don haka ba ya musu. Sai ya ɓullo ta wata hanya: da janareta aka kunna ta? An ɗauke wuta tana aiki? Wani ya ara? A hankali labari zai fito cewa jiya an kawo wuta da ƙarfi har ƙwan ɗakin ya ƙone. Rabin aikin ya ƙare ke nan tun ba a buɗe komai ba.

Daga nan sai ya danna maɓalli ya kasa kunne. Idan ko fanka ba ta motsa ba, zargi ya koma kan akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarkin bango ya mayar da shi ƙaramar wutar da kayan ciki ke iya ɗauka. Zai zare babban fulogin nan mai fil 24, ya lanƙwasa guntun waya ya haɗa koriyar waya da baƙa. In fankar akwatin ta juya, da sauran rai. Sai ya ɗauko mita: rawayar waya ya kamata ta ba da bolt 12, ja 5, mai ruwan lemo 3.3. Amma cikin akwatin wutar kansa ba ya buɗewa da wasa, saboda manyan kafasitocinsa suna riƙe caji ko bayan an zare fulogi daga bango. Akwai kuma wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin akwatunan, mai rubutun 115 da 230. Kwamfutar da aka yi amfani da ita a Amurka takan zo a kan 115, mu kuwa wutarmu 230 ce. Wanda bai duba ba ya jona, ƙara ɗaya zai ji, sai ƙauri.

Idan fanka na juyawa amma allo ya yi duhu, wani babi ne. Kowace kwamfuta takan binciki kanta kafin ta tashi, kuma in ta ga matsala tana faɗa da ƙaran "tit-tit" ko ƙiftawar ƙaramar fitila. Ma'anar ƙaran ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa yake ƙirgawa ya duba. Sau da yawa laifin na RAM ne. Ya zare su, ya goge bakin nan mai ruwan zinare da robar goge fensir, ya mayar da guda ɗaya ya kunna, sannan ya gwada ta biyu. Ƙa'idarsa ke nan: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Mai gaggawa yakan sauya abu uku tare, kwamfuta ta tashi, ya yi murna, alhali bai san wanne ne ya yi magani ba, kuma ya sa mai ita ya biya kuɗin uku.

Wani ciwon ma abin dariya ne. Kwamfuta ta riƙa manta kwanan wata, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan rashin tsaro, mai ita ya fara lissafin sayen sabuwa. Ashe ɗan batirin nan ne mai siffar kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Inda na fi ganin girmansa shi ne wajen fomatin. Mai gyaran da ba ya son wahala, komai ka kai masa zai ce a goge a sake zubawa. Injiniya kuwa sai ya cire faifan ajiya ya jona a wata kwamfutar, ya kwashe furojet da hotunan biki tukuna. Idan ya ji faifan yana ƙas-ƙas, ya san kwanansa ya kusa ƙarewa, ba ya ɓata lokaci. Kuma ba ya leƙa abin da ba a sa shi ya leƙa ba, wanda a wayar mutane da kwamfutarsu ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa ɗalibi mai ɗan kuɗin kashewa yake iya duk wannan? Dalilin yana da tarihi. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur da kayan da ya sayo daga wasu kamfanoni, ya kuma buga bayanin yadda aka haɗa ta, sai wasu suka shiga ƙera irinta. A 1995 Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya tsayar da girman babban farantin da ake jona kayan ciki a kansa, da inda ramukan sukurori za su kasance, da irin fulogin wuta. Albarkacin wannan ne farantin da aka ƙera a Taiwan yake zama daram a akwatin da aka buga a Sin, har ɗalibi ya tsinto wannan a Beirut Road ta Kano, a aiko masa da wancan daga Computer Village ta Ikeja, ya haɗa abu mai aiki. (Siraran laftof na yanzu da ake liƙe musu RAM da dalma sun fara toshe wannan ƙofa, kuma ni ban ga ci gaba a cikin hakan ba.)

Sai maganar gyaran fasalin akwatin kwamfuta, wadda ita ce zuciyar sha'awar tasa. A ƙarshen shekarun 1990 kusan duk akwatunan kwamfuta launi ɗaya ne, fari mai duhu-duhu, a rufe ruf. Masu wasannin kwamfuta a Turai da Amurka, waɗanda ke tilasta wa na'urorinsu gudu fiye da kima, suka fara huda jikin akwati suna ƙara fankoki, daga baya suka yanka taga suka sa gilashin roba da fitilu don a ga ciki. Kamfanoni suka ga kasuwa, yau akwati mai gilashi a kanti ake saye. Wasu kuwa kyan ɗan maciji ne: gaba da gefe duk gilashi, ba ta inda iska za ta shiga.

A nan arewa kwalliya tana zuwa ne bayan an gama da manyan abokan gaba biyu. Da bazara zafin Kano ko Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma da wannan iskar ce za a sanyaya furosesar da ke rage wa kanta gudu idan ta doshi digiri 100. Da hunturu kuma ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shan zafi. Busasshiyar iskar lokacin tana tara lantarki a jikin mutum, shi ya sa za ka ga ya dafa ƙarfen akwati kafin ya taɓa komai a ciki.

Ka kalle shi ranar da zai ƙara fanka. Zai kwashe kayan ciki kaf, domin ƙwayar garin ƙarfe ɗaya ta isa ta haɗa layi biyu a faranti ta ƙona shi. Ya liƙe murfin akwatin da salatif na takarda don kada fenti ya karce. Ya ɗora tsohon faifan CD ya zagaye da fensir, saboda faɗinsa milimita 120 ne, daidai da fankar da zai sa, sai ya yanka ta ɗan cikin layin. Ya huda, ya yanke, ya bi bakin da magagari har sai ya shafa da yatsa bai ji kaifi ba. Ya zaɓi babbar fanka ne don tana tura iska mai yawa a hankali, ba ta ihu irin ƙaramar mai milimita 80 da za ta hana abokan ɗaki barci.

Dabarar da ta fi ita ce ya sa iskar da ke shiga ta ɗara mai fita yawa. Fankokin gaba su zuƙo ta cikin raga, sau da yawa guntun gidan sauro da ya ɗinke a firam, ta baya ta fitar. Tun da iska ta yi yawa a ciki, ta kowace kafa fita take yi, ƙura ba ta samun hanyar satar shiga sai ta ragar, ita kuwa cire ta ake yi a wanke. Wayoyi ya tattare su ya ɗaure a gefe don kada su tare hanya. Ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi da sifirit, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya. Idan zai hure ƙura da bulowa, sai ya danne fanka da yatsa, don gudun da ya wuce ƙa'ida yana lalata ta.

Fenti da fitilu sai a ƙarshe, in kuɗi sun ragu. Kafin nan zai rufe akwatin, ya ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi da tsakar rana, ya zauna yana kallon lambar zafi a allo. In ta hau ta tsaya wuri guda, ya ɗaure sukurori. In ta ci gaba da hawa, ya sake buɗewa ya duba ko ya juya wata fanka baibai.