Sharhi a Kan Maƙalar Peter Gutmann Game da Kullen Hana Kwafi a Cikin Windows Vista

A watan Disamba na 2006 wani malamin ilmin kwamfuta na Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, Peter Gutmann, ya fitar da wata maƙala inda ya yi lissafin hasarar da ya ke ganin kullen hana kwafi zai jawo wa masu amfani da Windows Vista, watau uwar manhajar da kamfanin Microsoft ya saki kasuwa ran 30 ga Janairu 2007. Maƙalar ta yi tashe ƙwarai. Yanzu da ƙura ta lafa, ya kamata a sake duba ta, a ga inda ta dace da inda ta zarce, domin abin da ta taɓo ya shafi duk wanda aikinsa ajiyar rubutu ne da koyar da shi.

Ga yadda al'amarin ya ke. Kamfanonin fim na Amurka sun ƙi yarda a kunna sababbin faifansu, HD DVD da Blu-ray, a kan kwamfuta sai an ba su tabbacin cewa ba mai iya tare hoton a hanya ya kwafe. Saboda haka Microsoft ya gina wa hoto da sauti wata killatacciyar hanya a cikin uwar manhajar kanta, tun daga faifai har zuwa fuskar allo. Ƙananan manhajojin da ke tafiyar da kayan na'ura, waɗanda a ke kira direbobi, dole su zo da hatimin amincewa. Allon da bai san gaisuwar sirrin da a ke kira HDCP ba, ana iya hana shi hoton, ko kuwa a dusashe masa shi ya koma ɗigo 520,000 kacal, alhali cikakken hoton ya haura ɗigo miliyan 2. In kuwa aka gane wani direba yana yoyo, akwai ikon a soke hatiminsa daga nesa.

Gutmann ya bi waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce za su ƙara wa kayan na'ura tsada, su ci ƙarfin kwamfuta wajen gadin abin da mai ita bai sa ta gadi ba, su kuma wahalar da masu rubuta direbobi na manhajoji irin su Linux, tun da ya ke masu ƙera kaya za su riƙa ɓoye bayanin kayansu. Har ya kamanta takardun sharuɗɗan da doguwar wasiyyar mai shirin kashe kansa, ba'ar da ya aro daga siyasar Ingila ta 1983. Lalle wannan ba'a ita ta sayar da maƙalar, ita ce kuma ta fi cutar da ita daga baya.

Babban raunin aikin shi ne, daga takardu aka yi shi. Marubucin ya karanta abin da sharuɗɗa suka ba da ikon yi, ya ba da labarinsa kamar abin da zai faru ga kowa kullum. Microsoft ya mai da martani a Janairun 2007, ya ce killatacciyar hanyar ba ta tashi aiki sai an kunna abin da mai shi ya nemi a kulle, kuma masu suka irin su Ed Bott sun nuna cewa yawancin masifun da aka ambata ba a gan su a kan na'ura ba. Gaskiya ne Vista bai karɓu ba, amma fa nauyinsa da rashin jituwarsa da tsofaffin kaya su suka kā da shi. Hujja kuwa ita ce Windows 7, wanda ya fito a Oktoban 2009 ɗauke da wannan killatacciyar hanya ɗin, mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Wanda ya yi annabcin mutuwa, aka ga mara lafiya ya miƙe, sauran maganarsa ma sai a yi watsi da ita.

To, a nan ne a ganina masu sukarsa su ma suka yi sake. Sun ci gardamar tsada, suka bar tambayar da ta fi tsada nauyi: umurnin wa kwamfuta ke bi? Shekara guda kafin maƙalar, ran 31 ga Oktoba 2005, Mark Russinovich ya tona cewa wadansu faifan waƙa na Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a cikin Windows ba da sanin mai na'ura ba, masu ƙera cutar kwamfuta kuma suka fake a bayanta. Wancan ɓarawo ne ya hauro katanga, aka kama shi. Abin da Vista ya yi shi ne ya ba mai gadin baƙo ɗaki a cikin gida, bisa ƙa'ida. Gutmann ya hango wannan, ya ambace shi, sa'an nan ya binne shi a ƙarƙashin lissafin kuɗin kaya. Da ya sa shi a gaba, da maƙalar ba ta tsufa da wuri haka ba.

Kullen ma bai tsare abin da aka yi shi dominsa ba. Tun farkon 2007 mabuɗin sirrin faifan HD DVD ya bazu a intanet. Mai satar fasaha ya wuce abinsa, wanda ya biya kuɗi shi aka bari da sarƙa. A Yulin 2009 Amazon ya share littafin George Orwell, 1984, daga na'urorin Kindle na mutanen da suka saye shi. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa, aka mayar wa mutane kuɗinsu. An biya kuɗi dai, amma ɗakin karatu ba kuɗi ya ke ajiyewa ba.

Kada malamai su ɗauka wannan rigimar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Nana Asma'u sun iso mana ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu, in gara ta ci na wannan gari a sami na wancan. Ba a taɓa adana rubutu ta wata hanya ba sai ta yawaita shi. Ba kuwa ina cewa masu fasaha ba su da kuka ba ne. Duk wanda ya san yadda satar faifai ta gurgunta masu shirya fim a Kano ya san kukansu na gaskiya ne. Sai dai kulle bai san bambanci tsakanin ɗan kasuwar da ke buga kwafi dubu da malamin da ke son yanko minti biyu ya nuna wa aji ba, ko makahon da ke bukatar na'ura ta karanta masa. Bai kuma san ranar da wa'adin haƙƙin mallaka ya cika ba. Doka kuwa tana bayansa: ta Amurka ta 1998 ta haramta karya shi, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris 2023 ita ma ta tanadi hukunci a kan haka.

Wannan fanni na ajiya da koyarwa maƙalar ba ta shige shi ba, don marubucinta injiniya ne yana yi wa injiniyoyi magana. Duk da haka ina ganin ta cancanci a sa ta cikin abin da ɗaliban kwalejojin horon malamai za su karanta, muddin an haɗa musu ita da martanin Microsoft da na Ed Bott, a kuma umurce su su ware abin da aka gwada a kan na'ura daga abin da aka karanto a takarda.