Tarken Zanen Wasu Wasannin Dabara na Turawa Bisa Ma'aunin Dara

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tarken zane da siffar wasu wasannin dabara guda uku da Turawa ke bugawa a bisa faifai, waɗanda hotunansu suka fara isowa ga ɗalibanmu ta wayar hannu. Jigogi biyu ne suka fi yawa a irin waɗannan wasanni. Na farko na kira shi ƙagen zamanin tururi, wato a ƙaga duniyar da ta yi nisa a ƙere-ƙere alhali injin kwal da tururi ne ƙarfinta. Marubucin Amurka K. W. Jeter ne ya raɗa wa wannan salo suna a 1987. Na biyu shi ne ƙagen bayan rushewar duniya. Ma'aunin da zan auna su da shi kuwa ba baƙo ba ne gare mu, domin dara ce, irin wadda dattawa ke yi a gindin dogon yaro a nan Sakkwato.

Dara a Matsayin Ma'auni

Idan muka dubi fagen dara, za mu ga gurabu talatin da aka tona a ƙasa, jeri biyar masu gurbi shida-shida. Ɗan wasa guda na riƙe da kara goma sha biyu, abokin karawarsa na riƙe da tsakuwa goma sha biyu. Bayan an gama zubawa sai a shiga turawa, wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗa guda na abokinsa. Abin lura a nan shi ne, babu wani abu a wannan fage da ba shi da aiki. Tsayin kara da gajartar tsakuwa sun isa su shaida wa mai wucewa wanda ke kan gaba tun bai durƙusa ba. Adon dara ba a fage yake ba, a bakin 'yan wasa yake, cikin ba'a da kirari, har harshe ya ari karin maganar nan ta dara ta ci gida. Saboda haka tambayoyi biyu zan yi wa kowane wasa: shin zanensa aiki yake yi ko kwalliya? Sannan me ya nuna, me ya ɓoye?

Wasannin

Wasan Scythe ya fito a 2016. Jamey Stegmaier ne ya tsara shi, Jakub Różalski na ƙasar Folan ya yi zanen. Ma'anar sunan ita ce lauje. A hotunan ana ganin manoma na gabashin Turai a wajajen 1920 suna girbi, can bayansu cikin hazo ga wasu shirga-shirgan injinan yaƙi masu ƙafafu. Mai kallon garaje zai ɗauka wasan yaƙi ne, amma galibin lokacin ɗan wasa a wajen tara abinci da itace da ƙarfe da mai yake ƙarewa, kuma wanda ya kori ma'aikatan wani da yaƙi farin jininsa ke raguwa. A ganina mai zanen ya yi gaskiya da ya sa manomi a gaba, inji a baya. Inda aka gaza shi ne 'ya'yan wasan: injinan an ƙera su da roba daki-daki, manoman kuwa guntayen katako ne marasa fuska.

Wasan Frostpunk, wanda Adam Kwapiński ya mayar na faifai a 2022 daga wasan kwamfuta na 2018, shi ya haɗa jigogin biyu. Sanyi ya hallaka duniya, mutanen da suka tsira sun kewaye wani babban injin ɗumi. An gina injin a tsakiyar faifan kamar hasumiya. 'Yan wasa kan jefa ƙwayoyin kwal ta samansa, wasu su maƙale a ciki, wasu su faɗo, waɗanda suka faɗo kuwa su ke nuna irin wahalar da injin ya sha. A nan siffa da doka sun zama abu guda, kamar gurbin dara, kuma wannan ne ya fi burge ni a ukun. Sai dai farin ƙanƙara ba ya tsorata Basakkwace, mutumin da zafin garinsu kan wuce awo 40 a watan Afrilu. Da namu ne ya zana, da rijiyar da ta ƙafe ce a tsakiya, domin abin da iyayenmu ke tunawa shi ne farin 1973.

Na uku, Brass: Birmingham na 2018, wanda aka gina a kan wasan Martin Wallace na 2007, ba ƙage ba ne zalla. Tarihin masana'antun Ingila ne daga 1770 zuwa 1870, wato ainihin rijiyar da ƙagen zamanin tururi ke ɗibar ruwa. Faifan ya yi duhu kamar hayaƙin maƙera, kuma ya yi kyau ƙwarai. Kwal baƙaƙen ƙwayoyi ne, ƙarfe masu ruwan goro, har giya an yi mata 'yan ganguna. Ɗan wasa kan ɗauki hoton wani jigo kamar James Watt ko Richard Arkwright.

To, a nan ne ake samun lauje cikin naɗi. Akwai masaƙun auduga a faifan, amma babu ƙwaya ko ɗaya da ke wakiltar auduga. Ɗan wasa zai gina masaƙa ya sayar da yadi ba tare da ya taɓa tambayar inda kaɗar ta fito ba, alhali a mafi yawan wannan ƙarni bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka. Wani zai ce ai wasa ne, tilas a taƙaita. Haka ne, dara ma taƙaitawa ce. Amma dara ba ta ce hoton wani zamani take nunawa ba. Wanda ya rubuta shekaru a jikin akwatinsa ya ɗauki alkawarin tarihi, kuma da ya sami gurbin gangar giya, bai rasa na damin auduga ba.

Wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Mancesta, don masaƙun Ingila su rage dogaro da Amurka. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a filin Giginya da bindiga mai ruwa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar auduga da gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. Da na nuna wa ɗalibaina hoton faifan Brass, ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙasar Zamfara, ya daɗe yana bin layukan dogon da yatsa, sannan ya tambaye ni ta wace kusurwa kayan ke shigowa.