Balaraba Ramat Yakubu: Ko Marubuciyar Soyayya Ce?

Gabatarwa

A shekarun 1990, lokacin da muhawara ta yi zafi a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, an riƙa yi wa marubutan kuɗin goro, ana cewa duk soyayya suke rubutawa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan suna bai dace da ayyukan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba, domin babban jigonta shi ne yadda mace za ta rayu idan aure ya juya mata baya.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Balaraba a Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya mulki Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara kamar 13, kuma auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta kuma kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama.

Jigon Littattafanta

Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin Wa Zai Auri Jahila? (1990) ba. Tauraruwar littafin, Abu, an hana ta karatu, saurayinta Amadu ya guje ta saboda jahilci, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma. Abin da ya cece ta shi ne makarantar da ta shiga bayan ta gudu Kano, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Haka kuma a Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu. Marubuciyar ba ta ɓata lokaci wajen kukan Rabi ba. Ta fi mai da hankali kan haya da kuɗin makaranta da tukunyar abincin sayarwa da Rabi ta ɗora don ta riƙe gidanta.

Inda masu nazari suka fi saɓani shi ne ƙarshen littafin. Bayan dukiyar Alhaji Abdu ta ƙare, dangi suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Wasu na ganin marubuciyar ta rushe ginin da ta yi. A ganinmu gaskiya ta faɗa: matar da ta iya ciyar da kanta ba lalle ba ne al'umma ta bar mata zaɓin inda za ta zauna. Sai dai akwai rauni a zubin, domin gobara da asara ne suka hukunta Alhaji Abdu, ba wani mutum ko hukuma ba, wanda hakan ya sauƙaƙa wa mai karatu ya ɗora komai a kan ƙaddara.

Daga Littafi Zuwa Fim

An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, sannan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Ita kanta ta rubuta kuma ta shirya fim ɗin Juyin Sarauta (2017), wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. Labaranta sun karɓi fim ne saboda a kan hira da rikicin tsakar gida aka gina su, ba a kan dogon bayani ba.

Kammalawa

Ɗalibin da ya ajiye littattafan Balaraba a rukunin soyayya ya wuce, ya yi asarar shaida mai ƙarfi kan auren wuri da saki da sana'ar mata a Kano. Ya kamata a sake karanta su da wannan ido.